Baturke Ya Tafi, Ya Bar Ni da Sarautar Yarima

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran kakana kuma abokin wasana, Alhaji Abdulrahman Rawayya, wanda aka fi sani da Baturke.

Tsoho, a Turkiyya ka koyo aikin jarida, ka dawo da jar dara da shan shayi ba madara, sunan ya bi ka. Lokacin da kake karanta labarai a rediyo a Gusau, manomin Ruwan Bore kan jingine fartanya ya saurare ka. Da mutanen Bungudu suka tura ka majalisa, ba ka bar tambayoyinka na ɗan jarida ba, har jam'iyyarka ta gaji ta hana ka takara. Ka dawo gida kana dariya. Ranar da manoma da makiyaya suka ja daga a kan burtali wajen Tsafe, tsakaninsu ka zauna cikin rana, ka ce ba ka tashi sai sun sha fura a ƙwarya ɗaya. Kuma sun sha.

Ni kuwa aikina ɓoye maka dara. Ranar da na ɗora wa bunsuru ita gaban baƙinka, ka dube ni ka ce, "Yaramaz!" Kunnena ya ji Yarima, na ɗauka naɗi ne. Har makarantar allo Yarima ake kirana, ina tafiya ina ƙasaita.

Bayan jana'izarka matarka, kakata Inna Rakiya, ta daina magana, ta ƙi abinci, ko ruwa sai da lallashi. Hankalinmu ya tashi. Ranar sadakar uku na kafa dararka, na shiga ɗakinta da muryarka: "Jama'a, ga labarai. Yarima ya gaji hula, ya gaji mata!"

Ta ɗago kai ta ce, "Wane Yarima? Kai Rabi'u, ka san mi kalmar nan ka nuhi da Turkanci? Marar ji! Kakanka shi ya hana in hwaɗa maka."

Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce a dama mata fura.

Ashe ka daɗe da kayar da ni, tsoho. Na sallama.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa sulhun da ka yi ya zame maka inuwa ranar da babu inuwa sai taSa. Ya ba Inna da iyayenmu da jama'ar Rawayya haƙurin rashinka. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Jikanka marar ji,
Rabi'u Yarima