Kawu Labbo da Jinin Zoɓo

Duk wanda ya taɓa shiga gidan kallon Haliru da ke bayan kasuwar Gummi ya san kujerar Kawu Labbo. 'Yar kujerar katako ce mai ƙafa uku, wadda yake zama a kai a rumfarsa ta nama. Da ya sallame la'asar sai ya wanke wuƙaƙensa, ya rataya kujerar a kafaɗa, ya nufi gidan kallo. Benci kam ba ya hawa, wai masu benci ba kallo suka zo ba, cin gyaɗa suka zo. Gaban talabijin yake dasa ta, ya naɗe hannun riga kamar zai yi fiɗa, ya ce, "To Haliru, sako muna maƙaryatan."

Yayan Inna ne, kuma mahauci ne tun kafin a haife ni. Bai yi boko ba, ba ya jin Turanci balle Indiyanci, amma babu fim ɗin faɗa da harbe-harbe da zai shigo garin nan bai bi ta gabansa ba. Ku da kuka zauna da shi kun sani, mutane ba sa tambayar sunan fim. Abin da ake tambaya shi ne, "Mi Labbo ya ce?" In ya ce a gani, gobe sai an ƙaro benci. In kuwa ya tofar da yawu ya ɗauki kujerarsa, Haliru ya mayar da faifan cikin kwali ke nan.

Ni a bayansa nake zama, ba na cewa komai. Shi ya sa mini suna Malam Shiru. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, tun ina aji huɗu na sakandare nake cika littattafan rubutu da labaran fim, ina ɓoye su a bayan buhunan shinkafar Inna. Na kuma yi wa kaina alkawari: ranar da labarina ya hau talabijin ɗin Haliru, in Kawu ya tofar da yawu, murhu zan cusa littattafan nan in huta.

Babbar rigimarsa da 'yan fim ita ce jini. Da an harbi mutum, rigarsa ta yi ja, sai Kawu ya matso da fuska dab da gilashi, ya ƙanƙance ido, ya yanke hukunci.

"Zoɓo!"

A sake harbin wani.

"Tumatirin gwangwani! Ku duba, har da 'ya'yan!"

Wata rana aka soki wani akta da wuƙa a gefen ciki. Ya faɗi a cinyar ƙaninsa, ya fara magana. Ya faɗi wanda ya kashe ubansu, ya faɗi inda aka binne akwatin zinariya, ya bar sallahu ga budurwarsa, ya nemi gafarar uwarsa. Wani a bayan gidan kallo har yana jan hanci. Sai Kawu ya miƙe.

"Haliru, tsayar da abin ga!"

Haliru ya danna, hoto ya tsaya da bakin akta a buɗe.

"Jama'a, ina anka soke shi? Ba nan ba ne? To nan hanta take! Shekara arba'in ina yanka, ban taɓa ganin abin da anka huda wa hanta ya tsaya rabon gado ba!"

Wani yaro ya ce, "Haba Kawu, ai mutum ne, ba rago ba."

"Awo, na sani. Rago ya fi shi kunya. In lokacinshi ya yi, tahiya shikai, ba ya ɓata wa mutane la'asar."

Mai jan hancin nan shi ya fara faɗuwa daga benci don dariya.

Sannan ga taurin kai. Kowa a gidan kallo yana bayan akta, shi kaɗai ke bayan bos. Haliru ya taɓa ce masa, "Kawu, wai mi ya haɗa ka da miyagu?"

Ya ce, "Ƙirga mini ƙartin da ke bayan mutumen ga."

"Za su kai arba'in."

"To! Mutum shina ciyar da ƙarti arba'in safe da marece, kowane da wuya kamar na bijimi, ka san rago nawa ke faɗuwa gidanshi kullum? Shi kuwa aktanku, tun da anka fara ko ruwa bai ba kowa ba. Wane ne mutumen kirki nan?"

Abin da ke ƙona masa rai da yaran bos shi ne yadda suke zuwa ɗaya-ɗaya a buge su, sauran suna gefe suna rawa da hannu suna jiran layi. Sai ka ji shi yana dukan cinya: "Ku taru mai, ragwaye! Asibiti kunka zo da za ku bi layi? Kaicon naman da kunka ci!"

Akwai ranar da ya je Nasarawa Burkullu sayen awaki, ya tarar ana nuna wani fim a wata rumfa. Ya ɗaure awakin a gindin bishiya, ya zauna. Daidai lokacin da akta ke rataye a bayan jirgin ƙasa da hannu ɗaya, sai aka rubuta a biyo su kashi na biyu. Mai rumfar ya ce kashi na biyun bai iso ba tukuna. Kawu ya dawo Gummi yana huci, ya yi mako guda yana ba kowa labari a rumfarsa. "Ka taɓa ganin na yanka akuya na tsaya rabi, na ce mata ta biyo ni mako mai zuwa?" Da faifan ya iso wajen Haliru bayan wata biyu, ƙin kallo ya yi. Wai su bar aktan can rataye, shi ma ya ɗanɗana jira.

To, wannan ne mutumin da labarina zai je gabansa.

Shekarar da na gama sakandare ina zaman jiran shiga kwaleji, Sanusi mai shagon hoto ya sayo kyamarar ɗaukar biki, ya ce shi ma fim zai yi, labari kawai ya rasa. Na yi kwana uku ina wucewa ta ƙofar shagonsa kafin na iya shiga. Na ajiye masa littafi ɗaya a kan tebur, na ce da sharaɗin kada ya gaya wa kowa, sunana kuma a sa shi can ƙarshe da ƙananan baƙaƙe. Kawu ba ya karatu, na ce na tsira.

Bello ɗan kabu-kabu ya zama akta. Garba mai shayi ya zama bos, don shi kaɗai ke da tumbi da baƙin tabarau. Bindigogi kafinta ya sassaƙa aka shafa musu baƙin fenti, ƙarar harbi kuma Sanusi ya sa da kwamfuta. Batun jini kuwa sai da muka yi taro. Aka yanke cewa na gaske za a ɗebo a mayanka, a rufe bakin Kawu Labbo sau ɗaya a tarihi.

Mun fara ɗauka ƙarshen damina, shinkafa ta yi kore shar a fadama. Muna tsakiyar wurin da yaran bos suka biyo Bello da gudu, ya faɗa cikin gona, sai aka ce Sanusi ya tafi Anka ɗaukar biki. Kafin ya dawo girbi ya kama. Uban Bello ya zo da kansa ya ce akta ko ba akta ba, lauje na jiran sa. Yaran bos duk suka watse gonakin iyayensu. Sai bayan wata biyu muka sake haɗuwa.

Ni na lura, wallahi na lura. Na rubuta a gefen shafi har na ja layi biyu. Na je kusa da Sanusi na ce a hankali, "Yaya Sanusi, gonar fa ta canza."

Ya ce, "Kai Malam Shiru, wa zai kalli gona ana harbi?"

A Gummi! Garin da jariri ma ya san shinkafa!

Ranar nunawa gidan Haliru ya cika har tagogi. Na laɓe can ƙurya bayan wani mai faɗin kafaɗa. Kawu ya dasa kujerarsa, ya naɗe hannun riga.

Garba na bayyana da tabarau, yana taku ɗai-ɗai, sai wani ya ɗaga murya, "Garba, shayi biyu, ɗaya ba madara!" Garba na gaske yana benci na uku, ya juyo ya ce a yi wa Allah a bar shi ya ji muryarsa.

Aka harbi yaron bos na farko. Kowa ya daina kallon talabijin, aka koma kallon Kawu. Ya matso da fuska. Ya daɗe. Sanusi har ya fara murmushi.

"Wanga jini ne," in ji Kawu.

Gidan ya ɗauki tafi. Ya ɗaga hannu.

"Amma na akuya. Ɗan Adam anka harba, akuya ta zubar da jini. Allah mai iko!"

Sai gudun nan ya zo. Bello ya faɗa cikin shinkafa kore har ƙugu, aka nuna fuskar masu bin sa, aka dawo kansa, sai ga shi ya fito cikin kututture da tarin bambaro, ga shanu can suna kiwo.

Kawu ya miƙe tsaye, hannu bisa kai. "La'ilaha illallahu! Yaron ga ya shiga gona tana ɗanya, ya hito an girbe an sheƙe! Wata biyu shina gudu! Bello, ina ka yi sallolinka?"

Wani dattijo daga baya ya ce, "Gonata ce ma! Buhu nawa ka gani ka wuce ba ka taya ni ɗauka ba?"

 A raina na riga na tsaya gaban murhun Inna.

Amma da aka kamo Bello aka kawo shi gaban bos, sai wani abu ya faru. Garba ya zare tabarau, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ka ci ka ƙoshi ko? Shi ya sa ka samu bakin magana. Dube ni nan in ina yi maka magana! In na taso daga wurin ga, ni da kai ne."

Kawu ya koma ya zauna. Ya gyara zama, ya zuba wa talabijin ido har aka gama. Bai tofar da yawu ba, bai kuma ce a gani ba. Ya rataya kujerarsa ya fita.

Washegari da safe na fito da littattafan daga bayan buhu na jera su, ban san hukuncin da zan yi musu ba. Sai Inna ta aike ni karɓo nama a rumfarsa. Na tarar da shi yana wasa wuƙa. Bai ɗago ba.

"Malam Shiru, kai ka rubuta shirmen jiya."

Na ce, "Wa ya gaya maka, Kawu?"

"Wa zai gaya mini? Bakin uwarka Kulu ne ka ɗauko ka liƙa wa Garba! 'In na taso, ni da kai ne.' Ƙanwata ce, ni na goya ta, amma shekara hamsin ina shan wagga magana." Ya ajiye wuƙar. "Na ga bosawa masu jirgin sama, na ga masu kiwon kada cikin ɗaki, ko gezau ban taɓa yi ba. Jiya da Garba ya ce a dube shi, wallahi sai da na gyara zama."

Gaskiya ce. Ni ban taɓa faɗa da kowa ba, ban san yadda miyagu ke barazana ba. Barazanar da na sani a duniya ta Inna ce, ita na rubuta.

Na yi ta maza na ce, "To a gani, ko kada a gani?"

Ya ƙunshe naman, ya ƙara tsoka guda a sama. "A gani. Kuma ni zan riƙa zuwa ina nuna musu inda kunka yi hauka, kada su wuce wani."

Haka kuwa ya yi. Kwana tara a jere yana zagin fim ɗin nan, mutane na tahowa har daga ƙauyuka don su ji zagin. Labari ya kai kunnen Inna. Ta same ni a zaure da muciya a hannu, ta ce, "Wai ni ce bos? Dube ni nan in ina yi maka magana!" Sai ta ji abin da ta faɗa, ta juya ta koma ciki tana toshe baki da gyale. Littattafan suka koma bayan buhu.

Bayan shekara uku ciwon ƙafa ya zaunar da shi, daga nan ya kwantar da shi. Na dawo hutu daga kwaleji da sabon labari, ya ce in zo in karanta masa. Kullum da hantsi ina zama bakin tabarmarsa ina karantawa. Muryarsa ta yi ƙasa, amma harshen na nan. "Tsaya. Tun shafin farko ba ka ba mutumen ga abinci ba. Da mi zai yi faɗan?" In gyara. "Tsaya. Babur ɗin ga ba ya shan mai?" In gyara.

Ranar da ya rage shafi huɗu, ya ɗora hannunsa a kan littafin ya rufe shi.

"Bar ƙarshen nan, ɗana. Yau ba ni da ƙarfi. Bari in warke in zage shi yadda ya kamata."

Ranar Alhamis ke nan. Asabar da safe muka kai shi makwancinsa. Shafuka huɗun nan har yau ban karanta wa kowa ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Labbo, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Dariyar da ya sa bayin Allah, Allah Ya sa ya tarar da ita a mizani. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.