Inna Muzna, Wadda Ta Shayar da Marayun Shekarar Rahama

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga Rajab, 1389, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Muzna 'yar Dakhil a gidanta da ke nan Shakra, bayan jinyar kwana shida. Ba ta bar ɗa ko jika na cikinta ba, amma mu shida muka yi ta rige-rigen ɗaukar makararta, kowa na cewa uwarsa ce.

Inna, ni ban san Shekarar Rahama ba sai a bakin manya, don ina wata huɗu annobar ta shigo. Suna cewa zazzaɓi ne da tari, kwana uku ya gama da mutum. Makara ta yi kaɗan, har aka riƙa ciro ƙofofin gidaje ana ɗaukar gawa a kai. Kuma ba tsofaffi ta fi ɗiba ba, samari ne da 'yan mata da masu goyo. Gonaki suka bushe don babu mai jan ruwa. Cikin mako guda kika rasa mijinki da jaririnki.

Kina cikin takaba kika ji kuka daga gidanmu. Kika shiga, kika tarar da ni kwance jikin mahaifiyata, ita ta riga ta yi sanyi. Ni ne na farko. Kafin sanyin shekarar ya wuce mun kai goma sha ɗaya a ɗakinki, kina ba mu naki, kina cikawa da nonon akuya, ke kuwa dabino bakwai da ruwa ne abincinki.

Mun taso ba mu da sa'anni. A wajen karatu akwai manya, akwai ƙanana, tsakiya sai mu. Da muka isa aure sai aka ga kusan duk tsaran unguwa nono ɗaya muka sha, ba a sa rana sai an tambaye ki.

Ina shekara ashirin na same ki kina niƙa alkama, na ce, "Inna, Lulwa 'yar Jasir nake so."

Ba ki ko ɗago ba. "Kai Zamil, wata goma kana dama tana hagu a ƙirjina. Tabon da ke kunnenta ma farcenka ne."

"To wa ya sani in ba ke ba?"

"Allah Ya sani, ɗan nema."

Sai na ce da kin bar ni inda kika tsince ni. Dutsen niƙan ya tsaya. Shekara guda ban taka ƙofarki ba. A cikin shekarar nan kika hau raƙumi, ke da ba ki taɓa barin gari ba, kika je garin Ushaikir kika nemo mini Haya, uwar 'ya'yana bakwai. Haka kika yi wa sauran, ɗaya bayan ɗaya, har gidajen da aka rufe suka sake yin hayaƙi.

Shekara talatin da biyu maganar tana cina. Sai ranar Lahadin nan na durƙusa gefen shimfiɗarki na ce ki yafe mini.

Kika ce, "Wace magana? Kai ai tun kana jariri cizo gare ka."

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga tafkin Alkausara, Ya haɗa ki da jaririn da muka sha rabonsa. Ina miƙa ta'aziyya ga dangin Dakhil, da mu tara da muka rage, musamman 'yar'uwata Lulwa, wadda ta yi miki wanka. Allah Ya ba mu haƙuri. Yau ne muka zama marayu.