Maɗacin Gonar Aro

Gonar da muke nomawa a hanyar Garaku ba tamu ba ce, aro ce. A al'ada mai aro ba ya dasa itace, amma dattijon da ya ba maigidana, Allah ya jiƙansu duka, ya so shi ƙwarai. Ya ce, "Dasa a iyaka. Muddin itatuwanka na tsaye, ku ci gona, kai da 'ya'yanka. Ranar da gatari ya taɓa ɗaya, ta dawo gidanmu."

Maɗaci ya dasa. Ni na riƙa ɗauko musu ruwa daga rafi, da goyo a bayana.

Kwanci tashi, maigida ya tafi ya bar ni, itatuwa suka yi kaurin da mutum biyu ba sa rungume ɗaya. Ɗakina kuwa gara ta cinye katakon rufinsa, kwano ya lotsa. In hadari ya haɗo sai in jera tukwane da robobi, in ja tabarmata lungu.

Bara babban ɗana ya kawo mai injin yankan katako, wani mutumin kudu. Ya bubbuga gindin guda, ya ce, "Mama, wannan kaɗai zai rufe ɗakinki, har ƙofa ya yi miki."

Na girgiza kai.

"Haba Mama," in ji ɗana, "itace kika aura ne?"

Na ce, "Ubanka na aura. Waiwaya ka gani."

Jikokin dattijon ne a bakin hanya, zaune kan babur. Tun da mutanen Abuja suka fara sayen filaye suke kewaya mu. Ɗaya ya ɗaga hannu yana murmushi. "Kaka, sannu da aiki! Mu zo mu taya ku ne?"

Ɗana ya sunkuyar da kai. Ya san tuwon da 'ya'yansa ke ci daga gonar nan yake fitowa. Mai inji ya saɓa injinsa ya tafi, ko tayar da shi bai yi ba.

Bana an tokare mini rufin da gora. 'Yata ta ce in koma wurinta cikin Keffi, amma wa zai tsare iyaka? Kuma na san jikokin dattijon nan, ko iska ce ta kayar da ɗaya, ba za su tambayi wa ya kayar ba. Shi ya sa in iska ta taso nakan buɗe baki zan yi addu'a, sai in rasa wanne zan fara roƙa wa tsayuwa, rufin da ke kaina ko itatuwan.