Daminar da Kawu Ya Hori Sojojin Jikinsa

Ko zan manta da komai na zamana a Digil, ba zan manta da daminar da kawuna ya shiga yaƙi da jikinsa ba. Har yau nakan yi dariya idan na tuna, amma dariyar takan zo da ɓacin rai.

Kawu ya daɗe yana shugabancin 'yan bangar unguwarmu kafin ya koma noma, kuma halin bai sake shi ba. Ko akuya ya kira, so yake ta zo da gudu. Sai ga shi yatsunsa sun fara kumbura, dama da hagu, da safe su sandare har ya kasa riƙe buta. Ni na raka shi asibiti a cikin Mubi. Bayan an auna jininsa, likitar ta bayyana mana cewa a jinin kowa akwai wasu ƙwayoyi masu gadi, kamar sojoji, aikinsu kama cuta. To nasa sun ruɗe, sun ɗauki gaɓoɓinsa abokan gaba, suna kai musu hari. Ta ce mai yiwuwa sun yi shekaru a ruɗe a jininsa kafin ciwon ya fito, kuma tabar da yake sha na ƙara zuga su. Ta ba shi magani, ta ja masa kunne cewa gaɓar da suka cinye ba ta dawowa.

Ni tsoro ya kama ni, shi kuwa ransa ne ya ɓaci. Muna cikin keke ya juyo ya ce, "Ka ji ko? Ni ke ciyar da su, ni suke duka. Wannan tawaye ne, kuma na san maganinshi."

Maganin nasa shi ne ya yanke musu abinci, yadda yake yi wa yaran banga idan sun yi barci a bakin aiki. Goggo, matarsa, ta kawo tuwo ya mayar, sai ɗan kunu sau ɗaya a yini. Maganin asibiti kuwa ya ƙi sha, ya ce ba ya ba ɗan tawaye cin hanci. Taba dai bai daina ba, wai ita tasa ce, ba ta shafe su ba. Kullum da hantsi yakan shimfiɗa hannayensa a kan gwiwa yana yi musu faɗa, yana tambayar waye shugabansu. Maƙwabta suka riƙa leƙowa kallo. Mun yi roƙo, mun yi magiya, har liman muka kira, ya ce horo bai ƙare ba.

Haka aka tafi har lokacin maimai, wato noma na biyu, ranar da ya yanke jiki ya faɗi a gonarsa ta bakin kogi. Muka sake kai shi wajen likitar nan. Da ta ji labarin sai ta ce, "Baba, ai ba su ka hora ba. Kai ka rame, su suna nan suna aikinsu." Ta nuna masa hoton hannunsa na dama: gaɓoɓin yatsu sun riga sun cinyu.

Kawu ya daɗe yana kallon hoton. Can ya tambaya a hankali ko za a iya sallamar su daga aiki gaba ɗaya. Ta ce a'a, nasa ne, in babu su ko mura sai ta kayar da shi; magani lallashinsu kawai yake yi. Ban taɓa ganin ya miƙa wuya ba sai ranar, kuma wallahi ya ba ni tausayi.

Ya sha magani, ya bar taba, ciwon ya lafa. Amma hannun daman nan bai ƙara riƙe fartanya ba. Tun daga nan na gane cewa idan mai cutar da kai naka ne, duk horon da ka yanke masa a jikinka yake sauka.