Malam Ya Auna Hanya Ranar Kasuwa

Har yau in na ji wani ya ce, "Ai garin nan babu matsalar mota," sai na tambaye shi wace rana ya je garin, kuma namiji ne ya gano masa ko mace. Mutane suna ɗauka neman magana nake. Ni kuwa na san abin da na gani.

Da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, maigidana, wanda nake kira Malam, yana cikin ma'aikatan da aka ce kowa ya koma jiharsa. Ya tafi Gusau, ni na zauna Sakkwato ina koyarwa ina jiran a canza mini wurin aiki. Gusau ta cika ta batse, gidan haya sai wanda ya san wani. Malam kansa ɗaki guda suke raba shi da abokan aikinsa. Canjin nawa bai fito ba sai shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ina goyon ɗiyata ta fari, ko zama ba ta fara ba. Aka tura ni wata makarantar 'yammata a Kaura Namoda.

Ranar da na kai kaina, shugabar makarantar ta dubi goyona ta ce a nan ba a shiga aji da jariri. To, magana ta fito fili. Yarinya za ta zauna gida, ni in fita da safe in dawo bayan Azahar in ba ta nono. Duk garin da za mu zauna, abin da nake buƙata ke nan: motar da za ta kai ni kan lokaci, ta kuma maido ni kafin yarinya ta galabaita.

Wuri uku ne a gabanmu. Akwai Kaura kanta, inda wata malama 'yar Kudu, Kirista, wadda ta daɗe a garin har Hausarta ta fi ta wasu, ta ce mini akwai ɗaki a gidan da take haya, daga can zuwa makaranta tafiyar ƙafa ce. Akwai Zurmi, garinmu, inda mahaifiyata take. Sai Shinkafi, babban gidan su Malam, inda mahaifinsa malami ne mai karantarwa a zaure, ga mahaifiyarsa da muke kira Inna, ga matar yayansa, faccalata, wadda ita ma take goyon ɗa namiji.

Kaura ba ta ko kwana a cikin shawara ba. Surukina ya ce matar aure ba ta zama ita kaɗai a gidan haya cikin baƙi mijinta yana wani gari. Zurmi kuma Inna ta ce in na koma gidanmu da kayan ɗaki, gari zai ce yaji na yi. Malam, da yake mutumin ofis ne, ya ce kowa ya dakata, shi ba ya aiki da ji-ta-ji-ta, zai je ya gani da idonsa. Ya tsaya bakin hanya a Zurmi wata safiya, ya ga motocin da ke fitowa daga Jibiya suna wucewa a cike maƙil, ya soke Zurmi. Sannan ya ɗauki hutun ranar Alhamis don ya haɗa da Juma'a, ya je tashar Shinkafi.

Ya dawo gidansu, inda na sauka kafin a yanke shawara, yana murmushi. A gaban Inna ya ce, "Mota a Shinkafi tuli, awa ƙasa. Wagga ta tashi, waccan ta ja layi. Ko shayina ban shanye ba na ga sun tashi bi da bi."

Na ce, "Malam, yau fa Alhamis."

Ya ce, "To mi?"

Na ce, "Ranar kasuwa ta."

Kowa a ƙasar nan ya san kasuwar Shinkafi ta Alhamis, har daga Nijar ake zuwa cin ta. Shi ɗan garin ne, amma tun da aka kai shi makarantar kwana bai ƙara ganin Shinkafi ba sai da salla ko ƙarshen mako. Ya kaɗa hannu ya ce ko an rage rabi, abin da ya saura ya ishe ni. Inna tana zaune tana jinmu. A gaban suruka kuwa ba a buɗe baki a ce "ɗiyata", balle ɗiyar fari, wadda ko sunanta ba na kamawa, ko wasa ba na yi mata in da mutane. In na matsa, sai a ce wannan wace irin marar kunya ce. Haka aka ɗaure kayana aka kai Shinkafi.

Litinin ta farko na isa tasha gari bai gama wayewa ba. Mota ɗaya ce tak a layin Kaura. Ɗan kamasho ya taro ni da fara'a, ya ce, "Malama, ke kaɗai muka jira." Na leƙa na ga gaskiya ne, maza sun cika gaba da tsakiya, kujerar baya kuma ga wata dattijuwa da ƙwaryarta. Na zauna kusa da ita muka gaisa. Can sai wani ya sauka wai zai kama ruwa. Wani ya ce ya manta saƙo. Kafin rana ta ɗaga, duk fuskokin da na tarar sun canza, mota kuma tana nan inda take. Ashe 'yan zaman banza ne na tasha, ana ɗora su don fasinja ya ga kamar an kusa tashi, in na gaskiya ya zo su zame.

Dattijuwar nan kwana da kwanaki ina ɗauka abokiyar tafiya ce, har ina tausayinta. Ranar da na tambaye ta wurin wa take zuwa Kaura kullum, sai ta yi dariya ta ce, "Ni ba inda za ni, ɗiyata. Ƙuli nika saidawa nan bakin tasha. In mata sunka samu, sai in sauka."

Nan ne kuma ainihin matsalar. Tun da aka fara Shari'a, namiji ba ya zama gefen matar da ba tasa ba a motar haya. Ni ban ƙi tsarin ba, wallahi na huta da matsin ƙattai da warin taba. Sai dai kujerar baya ta zama ta mata, kuma ba ta tashi sai ta cika da mata. Ran kasuwa mata sun fi a ƙirga. Amma Litinin da sassafe, wace mace ce za ta bar gidanta ta kama hanyar Kaura in ba ni ba? Sai mai zuwa asibiti, ko mai zuwa gaisuwar mutuwa. Na kai matsayin da in na ji an yi rasuwa a wajen Kaura, bayan na yi addu'a, sai wani ɓangare na zuciyata ya ce gobe za a samu mata. Allah na tuba. Direbobi kuma suka fara ganina kamar annoba, ina shigowa sai in ji ana cewa, "Ga Malama nan ta zo kashe muna baya." An ce akwai motocin mata zalla. A Gusau na taɓa ganin su.

Zuwan ma da sauƙi, iyakarta shugabar makaranta ta dubi agogo ta dube ni. Dawowar ce azaba. 'Yan kabu-kabu sun daina ɗaukar mata a babur, don haka daga makaranta zuwa tasha a ƙafa nake takawa cikin rana. In zauna a mota, a kira La'asar ina zaune. Nono ya cika ya yi tauri har cikin hammata, ya jiƙa riga, in ja hijabi in rufe ina kallon taga. Na san a daidai lokacin nan yarinya tana can tana tsala kuka ana ɗura mata ruwa da cokali. Sau tari sai rana ta yi ja nake shiga gida.

Alhamis kaɗai nake dawowa da wuri. Kuma ranar Alhamis da yamma Malam yake zuwa daga Gusau. Sai ya tarar da ni na yi wanka ina zaune da yarinya a cinya, ya ce, "Kin gani ko? Ina wahalar take?" Ban san sau nawa na ciji leɓe ba.

Da damina ta kankama, wata Talata motarmu ta mutu kusa da wani ƙauye, direba ya shige ƙarƙashinta yana zagin wanda ya sayar masa da ita. Ban shiga gida ba sai bayan Magariba. Tun daga zaure nake kasa kunne in ji kukan da na saba ji, sai na ji shiru. Na shiga tsakar gida na tarar da faccalata zaune a tabarma, ɗanta yana barci gefe, tawa kuma tana ƙirjinta tana tsotso, har da lumshe ido.

Faccalata ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki yi haƙuri. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, na kasa jurewa."

Na ce, "Na gode, Yaya." Kuma har ga Allah godiyar nake, don ita ba ta yi mini komai ba sai alheri.

Aka kai magana zaure, surukina ya ce to yanzu yaran nan sun zama 'yan'uwan shayarwa, babu aure tsakaninsu har abada. Inna ta tafa hannu tana jimami, wai da ma ta riga ta ƙulla a ranta za a yi 'yar gida in sun girma. Asarar da gidan ya gani ke nan. Ni na shiga ɗaki na tatse nonon a kofi ina hawaye, don ciwo ya hana ni ɗaga hannu.

Daga ranar abin ya zama al'ada. In na makara, Yaya ta ba ta. Kullum kuwa a makare nake. Nawa ya fara ja da baya, yarinya kuma ta fara yi mini wani abu da har yau ba na son tunawa: in na ɗora ta, sai ta kama ta saki, ta juya kai tana neman muryar Yaya.

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce wa Malam ya kwana har Litinin ya raka ni tasha, ya gani da idon nan nasa da yake alfahari da shi. Ya yarda. Muna isa, ɗan kamasho ya washe baki. Tunda ga mijina, sai aka sa ni jikin taga, Malam a gefena, maza suka biyo bayansa suka cike kujerar. Ko zama ban gyara ba mota ta tashi. Malam ya juyo ya buɗe baki, na ga "kin gani" tana tahowa.

Na ce, "Malam, in ka faɗe ta, wallahi a nan zan sauka."

Ban taɓa yi masa magana haka a gaban mutane ba. Na ce gobe ya zo, amma ya zauna can wurin mai shayi, ya yi kamar bai san ni ba. Washegari haka aka yi. Ya sha shayi, ya ƙara, ya tashi ya zaga, ya dawo ya zauna. Ina hango shi ta taga, ni da mai ƙuli a kujerar baya. Sai da inuwar rumfar mai shayin ta janye daga kansa sannan wasu mata biyu masu zuwa awon ciki suka zo. Da yamma na dawo gida. Bayan sallar Magariba na ji shi a zaure yana magana da mahaifinsa ƙasa-ƙasa. Aka amince in koma Kaura, gidan malamar nan 'yar Kudu, da sharaɗin wata gwaggonsa za ta zauna da ni.

Na yi murna har na fara ninke kayan yarinya. Inna ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Waɗanga bar su. Ita tana nan."

Na ɗago na dube ta.

Ta ce, "Ba ta kama naki, kin sani. In kin tafi da ita, mi za ta sha? Gwaggo ka ba ta? Kuma da ma ɗiyar fari ta kakanni ta."

Ba ƙarya ta yi ba. Sati guda ke nan yarinya ba ta karɓi nawa ba. Na mayar da 'yan rigunan cikin kwalla na rufe.

Ranar tashi, Malam ya ce ba zai bari in ƙara wahalar tasha ba, ya ɗauko shatar mota har ƙofar gida. Aka loda gado da katifa da tukwane. Matan gida suka rako ni zaure, Yaya tana saɓe da yarinya, ta kama ɗan hannunta tana ɗaga mini. Inna tana tsaye, don haka ban karɓe ta ba, na dai ce a ba ta ruwa da kyau, a riƙa rufe ta da yamma. Na shiga kujerar baya, ni da gwaggo, wuri har ya yi mana yawa.

Duk zamana a Shinkafi, ranar nan kaɗai na so a ce mota ba ta tashi sai ta cika. Ina rufe ƙofa direba ya ja.