Ni Ce Na Cakuɗa Ajiyar Kaka

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. A ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran kakana, mahaifin mahaifiyata, wanda mutanen layinmu suke kira Baba Makaniki, ni kuwa nake ce masa Kaka. Ina cikin aji ana darasin lissafi aka leƙo aka ce in ɗauko jakata. Ba a faɗa mini dalili ba, amma da na hango Kawu Ƙarami tsaye a bakin ofis ya kasa kallon fuskata, sai na gane.

Kaka, na so in rubuta kyawawan halayenka kawai, yadda ake yi. Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya, kuma in ban faɗe shi ba sauran maganar ba za ta fito ba. Ka rasu ka bar kayan aikin mutane a ɗakinka, amanar da suka ba ka, kuma ba a san na wane ne wannan, na wane ne wancan ba. Ba sakacinka ba ne. Ni ce na cakuɗa su.

Shekara arba'in da wani abu ka yi kana gyaran manyan motoci. Da gwiwoyinka suka gaza, ka kwaso kayanka ka zuba a ɗakin da ke bakin ƙofar gida, mai ƙyauren ƙarfe. Tun ina 'yar firamare nake zama a bakin ɗakin nan, domin a cikin gida ana yawan ce mini in yi magana, kai kuwa ba ka taɓa ce mini ba. Kana goge sifana da tsumman baƙin mai, ina aikin gida a kan benci, sai mu yi awa guda ba wanda ya ce uffan. Kai ka sa mini suna Malama. In baƙo ya tambaya wace ce wannan, sai ka ce, "Malamata ce, ita ke duba mini aiki. In ta yi shiru, to na ci jarrabawa."

Ban san ƙofa nawa ka gyara a layinmu ba. Matar da ke gidan da ke kallonmu ta taɓa kawo maka keken ɗinkinta ƙafarsa ta karye, tana hawaye, domin da shi take ciyar da 'ya'yanta. Ka yini a kansa, da ta zo karɓa ka ce mata ai ba abin da ya same shi, noti ne kawai ya kwance. Ni na ga irin aikin da ka yi, amma ka ɗaga mini gira, na yi gum. Akwatin makarantata ma kai ka sa masa hannu, kuma har yau hannun ya fi akwatin ƙarfi.

Kana da dokoki a ɗakin nan. Duk ƙarfen da hannu ɗaya ba zai ɗaga ba, ba ya hawa sama da gwiwa. Manyan guduma, da jak na ɗaga mota, da sarƙoƙi, da uwar maƙera, duk suna ƙasa a kan katako, don kada danshin siminti ya sa su tsatsa. Ba a miƙa wa mutum zarto ta wajen haƙora. Wanda ya ari abu ya dawo da shi da datti, sai ya tsaya ya goge a gabanka, ko da furfura a gemunsa. Waɗannan dokokin duk na gane su. Abin da ban gane ba shi ne yadda kake tara kayan. A rabin duro ɗaya sai a ga guduma biyu, da magagari, da sifana uku, da filaya. A kwandon ƙarfe na gefensa kuma irinsu ne dai. Sifana lamba sha uku tana wuri biyar a ɗaki ɗaya. Ni da ake koya mini a makaranta cewa kowane abu yana da rukuninsa, sai na ɗauka tsufa ne ya hana ka gyara wurin. Na yi ta jin tausayinka a raina. Ban tambaye ka ba. Da ma na tambaya.

A hutun da ya wuce aka kwantar da kai a asibiti kwana goma sha biyu. Na roƙi Iya, kakata, ta ba ni makullin ɗakin. Iya ba ta shiga wurin saboda warin baƙin mai yana tayar mata da zuciya, don haka ba ta san abin da ke ciki ba, ta ce in je Allah Ya yi albarka. Buhunan masu aikin bakin titi, waɗanda suke ajiyewa da yamma su ɗauka da safe, ban taɓa su ba, domin a ɗaure suke kuma na san masu su. Sauran kuwa na juye su duka a tsakar ɗaki. Na ware sifana na jera su daga ƙarama zuwa babba. Na kafa ƙusoshi a jikin allon katako, na rataye filaya da sukundireba, na zana siffar kowanne da farin fenti don a san mazauninsa. Masu nauyi na ja su a kan buhu na jera su a ƙasa, ban karya dokarka ba. Tafin hannuna ya yi bororo, farcena ɗaya ya fita. Kullum ina aiki ina tunanin irin murmushin da za ka yi.

Ranar da aka sallamo ka, na buɗe maka ƙofar da kaina. Ka dafa bango ka tsaya ka daɗe kana kallo. Sannan ka ce, "Malama, kin sha aiki." Ka waiwaya, ka ce, "Kwandon da ke bayan ƙyaure fa?" Na ce maka na raba kayan cikinsa, kowanne ya tafi wurin 'yan'uwansa. Ka ce, "To. Madalla." Iyakar abin da ka faɗa ke nan.

Washegari ka sa aka kawo maka kujera ɗakin. Ka riƙa cewa in miƙo maka ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Sai ka riƙe, ka jujjuya, ka shafa ƙotar da babban yatsa, wani lokaci ka rufe ido, sannan ka ajiye shi a dama ko a hagu ko a gabanka. Na ga kana rushe aikina a hankali, kana mayar da ɗakin yadda yake da, ba ka ko gaya mini inda na yi kuskure ba. Raina ya sosu. Kwana uku na yi ina miƙo maka, a na huɗu na ce ina da karatu. Ƙarya na yi maka, Kaka, ba a ma koma makaranta ba. Ka aiko sau biyu a kira ni, na ce ina zuwa. Kai kuma ba ka iya sunkuyawa ka ɗauki ko guduma ɗaya. Tsibi uku kawai ka samu ka ware.

Sai bayan rasuwarka, da kawunnaina suka buɗe ɗakin don su ga abin da ka bari, abokinka mai walda ya shigo. Ya kalli allon da na yi wa fenti, ya yi salati, ya ce, "Wa ya yi wannan? Ina duron mai famfo? Ina kwandon kafinta?" A nan muka ji. Kowane duro, kowane kwando, mutum ne. Wani ya yi tafiya mai nisa, wani ciwo ya kwantar da shi, wani an tashe shi daga inda yake aiki bai sami wuri ba, duk suka kawo maka ajiya saboda ɗakinka ba ya yoyo kuma kai ba ka cin amana. Kana barin su a buɗe ne don ka riƙa shafa musu mai duk mako tare da naka. Ba ka rubuta komai ba, domin wurin da abu yake shi ne rubutunka. Ni kuwa na zo na goge shi cikin kwana goma sha biyu.

Abin da na kasa ganewa har yanzu shi ne, don me ba ka faɗa mini ba? Mama ta ce ka ga hannuwana ne ka kasa. Mai walda ya ce kunya ka ji, kada a ce amana ta lalace a hannunka. Kawu Babba ya ce ka ɗauka kana da sauran lokaci. Ban san wanne ne gaskiya ba. Wani lokaci ina jin haushin kaina, wani lokaci, Allah Ya yafe mini, ina jin haushinka kaɗan, sai kuma in ji kunyar hakan. Da ka yi mini tsawa sau ɗaya, da na zauna har mun gama.

Iya ta ce ba za a taɓa ko ƙusa ba sai kowa ya karɓi nasa. Aka aika wa duk wanda mai walda ya iya tunawa. Kwana huɗu suna zuwa. Na yi mamakin yadda mutum yake gane kayansa. Ba kallo suke yi ba, ɗauka suke yi su ji nauyin a hannu, kamar yadda na ga ka yi. Mai famfo da mai facin taya sun yi gardama a kan wata sifana, kowa yana tura wa ɗaya. Mai faci ya ce, "Taka ce mana, dubi yadda aka cinye mata baki. Wa ke wa ƙarfe wannan wulaƙanci in ba kai ba?" Mai famfo ya ce, "Ni? Kai da kake buga noti da dutse?" Aka yi dariya a ɗakin, karo na farko tun da ka tafi. Na yi tsammanin an gama.

Saura kwandon bayan ƙyaure. Na wani kafinta ne da ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Matarsa ta kawo maka kayansa ta ce ka riƙe wa 'ya'yanta har su girma. Ta zo ta tsaya a tsakar ɗakin da mayafinta, tana kallon bango. Ba ta taɓa zuwa inda mijinta yake aiki ba, ba ta san ko ɗaya ba. Abin da ta sani kawai shi ne kwandon ya cika har mutum biyu suka ɗauko shi. Mai walda ya tuna cewa marigayin bahago ne, saboda haka aka duba ƙotocin da suka goge ta ɗaya gefen, aka sami guduma biyu da zarto da magagari. Amma sifana da filaya da sukundireba ba su nuna hannun da ya riƙe su. Kowa ya juyo ya kalle ni. Kawu Ƙarami ya ce, "Malama, ke kika juye kwandon. Daure ki tuna." Na rufe ido na yi iya ƙoƙarina. Abin da na tuna kawai shi ne ƙarar da suka yi da suka zube a ƙasa.

Iya ta tsaya daga bakin ƙofa, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta ce duk abin da ake shakka a kansa a ba matar kafinta, ba za ta bar mijinta ya kwanta da ƙarfen marayu ba. Matar ta ce a'a, ita ma ba za ta shigar wa 'ya'yanta haƙƙin wasu gida ba. Aka yi ta ja, kowa yana tsoron abu ɗaya. Daga ƙarshe Kawu Babba ya tara Mama da sauran 'yan'uwansu, kowa ya faɗa da bakinsa cewa in akwai rabonsa na gado a cikin kayan da ake shakka a kansu ya ba ta kyauta har abada. Ita kuma ta ce in akwai wani abu na mijinta da ya rage a ɗakin, ta yafe a nata ɓangaren, kuma za ta gaya wa yaran in sun girma su yafe nasu. Aka loda kayan a baro, ni na tura shi har ƙofar gidanta. Kawu Ƙarami ya so ya karɓa, na ƙi.

An ce mini magana ta ƙare, in kwantar da hankalina. Ina so in yarda. Amma mai walda da kansa ya ce bai tabbata ya tuna kowa ba, kuma a cikin tsibi ukun da ka ware akwai ɗaya da har yau ba wanda ya zo ya ce nasa ne. Yana nan inda ka bar shi, a hagun kujerarka. Saboda haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ya san ya taɓa ba Baba Makaniki ajiyar kayan aiki, ko ya san wanda ya ba shi, ya zo. Makullin yana hannuna, kuma ina nan kullum bayan an tashi daga makaranta.

Kaka, ka kira ni sau biyu ban zo ba. Ka yafe mini.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanKa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka saka masa da alheri a kan kowace ƙofa da ya gyara da kowace amana da ya tsare. In kuma akwai ƙarfe ɗaya da ya tafi hannun da ba nasa ba, Ka fi kowa sanin cewa ba shi ya cakuɗa ba. Kada Ka tambaye shi a kansa. Ka yafe wa wadda ta yi, Ka nuna mata mai shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Iya, da Mama, da Kawu Babba da Kawu Ƙarami da sauran 'ya'yansa da jikokinsa, da abokinsa mai walda, da duk masu sana'ar da suka amince masa da abin neman abincinsu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, ba da kayan kowa a wuyanmu ba. Amin.