Kyamara Ɗaya, Wayoyi Uku

Mu uku muka gaji farar bas ɗin mahaifinmu: Yaya, da ni, da ƙanena mai bi mini. Karɓa-karɓa muke yi, kowa da ranakunsa, muna jigilar mutane da buhuna daga ƙauyenmu zuwa Tsanyawa, wani lokaci har Ɗambatta. Ranar da ba taka ba kana gonarka. Yaya ne mai son kayan zamani, shi ya sayo kyamara ya liƙa a gilashin gaba, aka haɗa masa ita da wayarsa a birni. Mu namu kallo ne. In ya ga dama ya kira mu ya nuna mana yadda wani ɗan acaɓa ya sha gabansa, mu yi dariya mu watse. Ban taɓa tambayar yadda ake buɗe ta ba.

Na gane kurena a daminar da Yaya ya tafi aikin Hajji. Hanyar garinmu gonaki sun matse ta dama da hagu, inda kunyar wani ta ƙare nan ta wani ta fara. Akwai wani wuri da ruwa yake kwanciya, direba mai gaggawa sai ya ɗan karkata ya hau gefen gona. Wata ranar kasuwar Tsanyawa wani bai tsaya a gefen ba, ya bi ta kan kunya huɗu na geron wani dattijon garinmu, geron da ya kai gwiwa, ya kwantar da shi tun daga bakin ruwan har gindin kuka. Waɗanda suka hango daga nesa suka ce farar bas ce. Fararen bas a hanyar nan ba a rasa biyar, amma tamu ce ta gida, kuma ranar ƙanena ne a sitiyari.

Bayan la'asar aka tara mu a ƙofar gidan mai unguwa. Ƙanena ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ta tsakiyar ruwan na bi. A je a duba ƙasan motar, har yanzu taɓo ne."

Dattijon ya ce, "Taɓo ai ko ta gonata ka bi za ka kwaso shi."

Sai ƙanena ya tuna da kyamara. Aka ɗunguma zuwa wurin motar, kowa yana leƙe. Na gwada da wayata, ya gwada da tasa, abin sai lambar sirri yake tambaya. Muka samu Yaya a waya da ƙyar, ya ce daga can ba ya ganin komai, sai wayarsa tana kusa da motar, lambar kuma wanda ya haɗa masa ne ya sa, shi bai riƙe ba. Muka tsaya cirko-cirko da shaida a gabanmu mun kasa buɗe ta.

Dattijon ya ce to a kawo Alƙur'ani ƙanena ya rantse. Ƙanena ya miƙe zai yi alwala. Amma Innarmu tana da doka tun muna yara: ɗanta ba ya dafa Alƙur'ani a kan abin duniya, ko da gaskiyarsa. Kafin ya ɗauki buta saƙonta ya iso. Ni ne babba a gida a lokacin, sai na yi abin da babba yake yi. Na tuɓe takalmi na durƙusa, na ce a yi haƙuri, ƙuruciya ce, mun ɗauki laifi, in kaka ta yi za mu mayar da abin da ya lalace. Ƙuruciya fa na ce, ga mutum mai 'ya'ya uku da furfura a gemu. Jama'a suka yi ta sa mini albarka, ni kuma har da jin daɗi. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, a raina na yi zaton shi ya yi, don na san shi da ƙafa mai nauyi a kan totur.

Ƙanena ya matso. Ya buɗe tafin hannuna ya sa mukullin, ya tafi gida. Daga ranar bai ƙara hawa motar ba, ya kuma daina zama a majalisa, don yara da manya sun fara kiransa mai noma da taya.

Na haɗa ranakunsa da nawa da na Yaya na ci gaba da tuƙi, ina lallaɓa kaina cewa Yaya yana dawowa gaskiya za ta fito. Ranar da ya dawo, ko gama rabon dabino da zamzam bai yi ba na ja shi wurin motar. Wayarsa ta haɗu nan take. Muka ja hotunan baya har ƙarshe, mafi tsufa a ciki na kwana huɗu ne da suka wuce. Na ranar kasuwar babu shi babu alamarsa.

A wurin na sha alwashin ba za a ƙara kulle shaidarmu a aljihun mutum ɗaya ba. Na karɓi wayar Yaya, na je na roƙi ta ƙanena. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Ɗauki, ai ba fasinjan da yake kirana yanzu." Na haɗa da tawa na zuba su uku a leda, na ciro tsohuwar kyamarar na sa a aljihu, na kama hanyar Kano neman sabuwa.

A kasuwar 'yan waya kowane mai shago kyamararsa ce ta fi. Wannan ya ce tasa tana gani cikin duhu, wancan ya ce tasa har magana take yi. Ni kuwa magana ɗaya na zo da ita: na zazzage ledar a kan tebur na ce a haɗa ta da ukun nan a gabana. Wata ta karɓi waya ɗaya ta ƙi sauran sai an goge ta farko. Wata ta karɓi ta Yaya da tawa, da aka zo kan ta ƙanena, tsohuwa mai fasasshen gilashi, sai manhajar ta ƙi sauka.

Mai shagon ya ce, "Alhaji, wannan wayar ai ta yi ritaya. Ka saya masa sabuwa mana."

Na ce, "Wayar nan ita ce alƙali. Duk kyamarar da ta ƙi ta, ni ma na ƙi ta." Na kwashe kayana na yi gaba, ina jin su suna cewa baƙauye ya zo da rigima. Ban musa ba, da ita na zo.

Sai bayan azahar na faɗa hannun wani mai gyara, mutum mai sanyin magana, a wani ɗan lungu. Ya tambayi dalilin wannan naci, na ba shi labari. Ya karɓi tsohuwar kyamarar da na zo da ita, ya sa farce ya zaro wani kati da bai kai ƙwayar gyaɗa faɗi ba. Ya ce, "Malam, hoton ai ba a wayar yayanka yake ba, a nan yake. Da a ranar kun zare wannan kun sa a kowace waya, da kun gani. In ya cika, sabo yake hawa kan tsoho. Duk ranar da aka tayar da motar ana gogewa ne."

Ashe ni da nake ta jigila ina jiran Yaya, ni nake goge gaskiyar ƙanena da hannuna, kullum kaɗan-kaɗan. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Ya ɗauko mini wata kyamara marar ado. Lambar sirrinta ni na zaɓa da bakina, kowace waya tana shiga in ɗaya ta fita, har tsohuwar ta shiga ba gardama. Tana da wani jan maɓalli, in ka danna, hoton lokacin ba ya goguwa. Na sa ya cire komai na sake haɗawa da kaina har sau biyu, sannan na yarda.

Da na dawo na liƙa ta, na rubuta lambar a takarda uku, na kira ƙanena. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofar motar yana kallon wayarsa, ga hanyar gidanmu a ciki, ga awakin Inna suna wucewa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ta yi kyau. Amma ba ta nan ranar. Kuma ba kyamara ce ta durƙusa ta ce na yi ba." Ya sa wayar a aljihu ya juya.

Washegari bayan la'asar na koma ƙofar mai unguwa, na roƙa a kira dattijon. Mutanen ranar kusan duk suna nan. Na tuɓe takalmi na durƙusa a inda na durƙusa wancan karon, na ce, "Ranka ya daɗe, haƙurin da na bayar na zo in janye. Geron da na yi alkawari zan kai, daga gonata, don bakina ne ya faɗa. Amma ƙanena bai taka gonar nan ba."

Dattijon ya ce, "Ina shaidarka?"

Na ce, "Ba ni da ita, Baba, ni na ɓatar da ita. Amma tun da aka haife shi ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Abin da ya kamata in faɗa ranar ke nan, na kasa."

Wasu suka yi dariya. Dattijon ya kaɗe rigarsa ya tafi, bai gamsu ba, har yau kuma ban ce ya gamsu ba. Mai unguwa ya ce an ji. Ƙanena ba ya wurin, ni kuma ban je na gaya masa ba.

Ranar kasuwar da ta biyo baya an kwana ana ruwa. Na fito da sassafe zan ɗauki mukulli a ƙusar zaure, na tarar babu shi, babu motar. Sai yamma ta shigo gari, taɓo har ƙofofinta. Ƙanena ya sauko ya jefo mini mukullin, ya ce, "Yaya ƙarami, sai ka wanke ta, gobe ranarka ce."

Rabon da ya kira ni da sunan nan tun kafin a taka geron. Na shiga gida na ɗauko bokiti.